An Auna Ƙofar Mama Tana Kallo

Ni da yayana gaisuwarmu ba ta wuce "ina kwana, lafiya lau." Duk wanda ya gani sai ya ce mu ji tsoron Allah, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma mu biyu kaɗai muka rage. Fasto ya zaunar da mu, dattawan ikilisiya sun zaunar da mu, matan zumunta ma sun zo da tulunansu da caki sun yi mini waƙar gafara a tsakar gida. Na ba su ruwa sun sha, na raka su bakin hanya. A kan ƙofa muka ɓata, ƙofar ɗakin Mama, kuma da za a dawo da ranar, abin da na faɗa masa shi zan sake faɗa, sai dai in ƙara.

Gidanmu yana wani ƙauye a hanyar Godogodo in ka fito daga Kafanchan. Babanmu ma'aikacin reluwe ne, shi ya gina ɗakin da hannunsa da tubalin ƙasa, daga baya aka shafe shi da siminti. Katakon da ya kafa ƙofar da shi, wanda yanzu ake ce wa firam, tsohon katakon layin dogo ne da ya tsaga, baƙi wuluk, mai nauyi, gara ta lasa ta haƙura. Sai dai ƙofar matsattsiya ce. Baba siriri ne, da jikinsa ya auna ta. In ka ɗauko kwando sai ka juya shi gefe kafin ka shiga.

Katakon bai taɓa motsawa ba, bango ne ya ja jiki ya bar shi. Wanda ya san daminar wajenmu ya san ba a yi mata wasa, ruwa ne na safe da rana da yamma, ƙasa ta sha ta kumbura, rani ya zo ta motse. Tsagar ta fara kamar zare a gefen dama, shekara ta zagayo ta ci yatsa, har ta kai ina zura hannuna daga waje wanda ke ciki ya kama. Ta sama kuwa haske ne ke shiga ko an rufe ƙyaure. Iska ta nan, feshin ruwa ta nan, tsaka da kyankyaso ta nan, wata safiya na kashe kunama a cikin takalmin Mama. Gadonta yana fuskantar ƙofar, duk abin da ya shigo a ƙirjinta yake sauka.

Ni ce a gidan. Da mijina ya rasu, yara suka girma suka watse, sai na kwaso kayana na dawo wurinta. Ina noman citta, in na samu mai zama da ita in kai kasuwar Kachia. Da ƙafafunta suka ƙi, ni ke goya ta zuwa bayi, ni ke yi mata wanka, ni ke juya ta kada gefe ɗaya ya yi gyambo. Ba gori nake yi ba, uwata ce. Ina faɗa ne don a san wa ke kwana da tarin nan, ai mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Na cusa tsummoki a tsagar, ɓeraye suka janye. Na cusa buhun taki, iska ta riƙa kaɗa shi yana hana ta barci. Na kwaɓa laka na yaɓa, ruwan farko ya wanke ta ya bar mini jan zane a bango. Wani zai ce, ke da ke sayar da citta, buhun siminti ɗaya ya gagare ki? Bai gagare ni ba. Amma a wurinmu 'ya mace da ta taɓa aure baƙuwa ce a gidan ubanta. Ta yi shara, ta yi yaɓe da laka, ta dasa gauta a bayan ɗaki, babu mai cewa uffan. Ranar da ta sa siminti a bango ba da bakin ɗa namiji ba, ranar za a ce ta fara kafa ƙafa, gado take nema. Saboda haka sai na riƙa kiran yayana, babban ma'aikaci a Kaduna, dattijo a majami'arsu, mai mota mai sanyi. "Yaya, ƙofar Mama fa." Ya ce, "Za mu duba, ƙanwata." Kirsimeti ya zo, ya kawo shinkafa da atamfa, ya tsaya a bakin ƙofar nan aka ɗauke shi hoto da Mama, tsagar tana bayan kunnensa. Na nuna masa. Ya ce za mu duba.

A wata damina tarin ya sauka mata a ƙirji sosai, muka kwana asibiti a Kafanchan. Yaya ya zo. Likita ya ja shi baranda suka yi magana ƙasa-ƙasa, ni da na san launin kakinta da abin da cikinta ke karɓa ba a kira ni ba, ina riƙe da kwanon tofi. Aka sallame mu da magunguna muka koma gida. Ba a jima ba sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu, ana sauke bokitan fenti, buhunan siminti, da yashi. Yaya ya fito daga motarsa yana murmushi ya ce lokaci ya yi da za a gyara gidan tsoho.

Ruwa ba ya tsami banza. A wajenmu fenti yana da lokutansa, kowa ya sani. Akwai na Kirsimeti, akwai na biki, akwai kuma na ukun da ba a faɗar sunansa. In tsoho ya rasu, sai a ajiye shi a mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, 'ya'yansa na birni su rugo su gyara gida kafin ranar binnewa, domin abokan aiki za su zo daga Kaduna da Abuja su ga inda aka fito. Rufin da ya shekara goma yana zuba a kan mai rai, cikin mako ɗaya zai sami sabon kwano don gawa. Na sha gani, na sha yin tsaki. Amma ko su masu wannan hali suna jira a mutu tukuna. Tamu tana nan, tana shan kunun acca, tana faɗa a kan na cika gishiri a miya, ga shi tsakiyar Agusta, ba Kirsimeti ba biki.

Kafin a gama shafa farin farko a bangon waje, ƙauye ya ɗauka. Masu wucewa suka fara rage murya in za su gaishe ni. Wata tsohuwa ƙawar Mama ta taho tun daga bakin hanya da hannu a ka tana kuka, ta faɗo tsakar gida, ta leƙa ɗaki, ta tarar da mamaciyar tana lasar cokali. Kukan ya maƙale mata a wuya. Mama ta ce, "Ke kuma wa ya mutu?" Ta ce wai ƙafa ce ke mata ciwo. Na raka ta waje na ce ta je ta gaya wa sauran su adana hawayensu, ba su da yawa, kada su ƙare kafin ranar.

Duk da haka na haɗiye. Na ce a raina ko don shaiɗan aka kawo simintin nan, in dai za a toshe tsagar, to an toshe. Maginin da Yaya ya ɗauko Ibo ne haifaffen Kafanchan, kakansa ma reluwe ya yi, Hausa a bakinsa ta fi tawa gudu. Na ja shi na nuna masa wurin. Ya ƙwanƙwasa bango, ya girgiza katakon, ya ce, "Anti, wannan ba wani abu ba ne. A kankare abin da ya ruɓe, a share, a jiƙa. A buga ƙusoshi a jikin katako ta ciki don siminti ya sami abin kamawa. A cusa tsakuwa, a cika rabi, in ya ɗan sha iska a cika sauran a lailaye. In ya bushe a bi da fenti. Mama ma ba sai ta tashi daga gado ba." Na ji kamar in yi rawa. Na shiga kicin na ɗora masa faten acca har da kifi.

Da na fito da kwanon faten ne na ga yayana a bakin ƙofar Mama. Ya buɗe tef ɗin awo daga wannan katako zuwa wancan, waya maƙale a kafaɗa. Na ɗauka tsagar yake aunawa. Sai na ji yana cewa, "A'a, ba zai shiga ba. Har da hannayen gefe ka faɗa mini faɗin?" Ya saurara, ya sake duba tef. "Ba na son ƙaramin. Wancan mai gilashi ta wajen fuska." Daga nan ya juya harshe zuwa Turanci, kamar Mama, matar ma'aikacin reluwe, ba ta san sunan akwatin gawa da Turanci ba. Ya gama, ya sunkuya ya ɗauki gawayi, ya ja layi a bango daga sama har ƙasa, kamar taƙi biyu daga katakon.

Ƙyauren a buɗe yake. Mama tana kwance a gefenta, fuskarta a ƙofa, idonta biyu. Kwanon ya ƙona mini hannu ban ji ba. Na ajiye shi a ƙasa, na leƙa na ce, "Mama, za ki ci fate?" Ta ce sai an jima. Muryarta yadda take kullum. Na ce wa kaina ba ta ji ba, kunne ya yi nauyi, magani ya sa ta gyangyaɗi. Abin da nake so ke nan, kada ta sani. Ta ci abincinta, ta yi faɗanta, ta kwana a ɗakinta babu iska, kada a nuna mata an riga an auna ta.

Na ja rigarsa zuwa bayan rumbu, inda murya ba za ta kai ɗaki ba.

Na ce, "Yaya, layin me ka ja?"

Ya ce, "Za a fasa wajen, a cire tsohon katakon. Na sa an ƙera ƙofar ƙarfe mai ƙyaure biyu a Kafanchan, gobe zan ɗauko. Mama ta koma ɗakinki har ya bushe."

"A cikin ruwan nan za ka buɗe bangon ƙasa? Magini ya ce toshewa kawai ake bukata."

"Magini abin da aka sa shi yake yi."

"Na ji wayarka."

Bai ko ji kunya ba. Ya naɗe tef ɗinsa ya sa a aljihu, ya ce, "To tunda kin ji, kin hutar da ni. Ke ba yarinya ba ce. Likita ya gaya mini abin da ya gaya mini. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Na ce, "Wa ya ce maka ta yi sallama? Kai ne Ubangiji, ko likitan ne? Matar da ta cinye kwanon kunu da safe! Shekara nawa ina roƙonka buhu ɗaya don ƙirjinta, kana za mu duba, za mu duba. Yau ka duba ke nan? Da tef?"

Ya ce in rage murya. Na ce ba a haifi mai sa ni ba. Sai ya jingina da rumbu ya ce, "Ke kina kicin ranar binne Baba, ba ki gani ba." A al'adarmu, in aka kawo gawa daga mutuware, sai an shigar da ita ɗakin mai ita ta ɗan kwanta, iyali su yi addu'a su yi bankwana, kafin a fito da ita rumfa. Ya ce ranar akwatin Baba ya ƙi shiga ƙofar nan. Aka juya, aka ja baya, aka cire hannu ɗaya, a ƙarshe sai da aka karkata shi a gefe. "Ni ke riƙe da wajen kai. Na ji ya zame a ciki, kansa ya bugi katako. Ƙum. A tafin hannuna na ji shi. Ga mutane tsaye, ga fasto, ga abokan aikina."

Da ya tsaya a kan tafin hannunsa, wataƙila da zuciyata ta yi sanyi. Amma ya kai ga abokan aiki. Na ce, "Au, abokan aiki! Ashe nan gizo ke saƙa. Ba kan Baba ne ya dame ka ba, idon mutanen ofis ne. To bari ka ji, su zo su ga tsagar, su zo su ga inda uwar oga ke kwana da kunama." Ya ce ba zai tsaya musu da mace a kan ginin ubansa ba, ya wuce ya bar ni da kaji.

Washegari da sassafe ya bi a-kori-kura zuwa Kafanchan ɗauko ƙofa. Magini kuma sai hantsi yake zuwa. Na tsaya ina kallon buhunan simintin nan a jere a baranda, na ce yau dai a faɗi duk abin da za a faɗa. Na sa wuƙa na farke ɗaya.

Da tsohuwar adda na kankare bakin tsagar. Ƙasa ta riƙa zubowa, da kashin ɓera, da guntayen tsummokina na bara da bariya. Na share da tsintsiya, na yayyafa ruwa har bangon ya daina sha. Ƙusoshin da na samu tsofaffi ne na kwanon rufi, na miƙe su a kan dutse, na buga su a gefen katako ta cikin ramin. Katakon Baba ya lanƙwasa mini fiye da rabi, ya kuma ba ni jini a babban yatsa. Na tankaɗe yashi da rariyar tuwo, na kwaɓa a kwanon sarki, na tsinto tsakuwa a bakin rijiya na cusa. Cokalin ginin magini yana cikin jakarsa, bai bar shi ba, sai na yi da bayan ludayi da hannuna. Siminti yana cin fata, wanda bai taɓa ba ya tambaya. Na cika rabi, na je na dama wa Mama kunu, na dawo na cika sauran. Na hau turmi na yi ta sama. Na jiƙa tsumma na lailaye har ya kwanta daidai da bango, sannan da tsumman nan na goge layin gawayin tas.

Mama tana kallona tun daga farko. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce, "Me kike yi?" Na ce, "Iska nake toshe miki." Ta ce, "Hm." Na rufe ƙyaure daga ciki don in gwada. Ɗakin ya yi duhu, duhun da rabona da ganinsa a ɗakin tun ina budurwa. Na bi gefen katako da bayan hannu, babu ko numfashin iska. Na ji daɗi har hawaye ya zo mini, ban ɓoye ba. Na fito na ja kujera 'yar tsugunne na zauna a bakin ƙofa, na ɗora taɓarya a cinya.

Magini ya zo da gudumarsa, ya kalli aikin, ya kalli taɓarya, ya ce, "Anti, ni ba ruwana, a jira Oga." Ya je gindin mangwaro ya zauna.

Rana ta take tsaka suka dawo. Ƙofar tana tsaye a bayan mota an ɗaure ta da igiya, ruwan toka, da zanen furanni na ƙarfe, faɗinta ya isa a shigar da saniya. Yaya ya sauko, ya ga buhun da aka farke, ya ga bangon, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Wa ya ba ki izinin sa siminti a gidan ubana?"

Na ce, "Tarin uwarka."

"Tashi daga nan."

"Zo ka tashe ni."

Maƙwabta sun riga sun jeru a bayan danga, wasu da goyo. Ya ce dama ya sani, zaman da nake yi a gidan ba don Allah ba ne, yau na nuna abin da ke cikina. Nan fa na miƙe. Na ce gidan me? Wannan da ke zuba a kaina? Na ce ya ɗauke shi ya sa a bayan motarsa ya kai Kaduna. Na tambaye shi ko ya san wane gefe Mama ke iya kwanciya a kai, ko ya san sunan maganinta ɗaya, ko ya taɓa wanke zanin da ta ɓata. Na ce shi ɗan ranar biki ne, ɗan hoto, ɗan riƙe makirfo ya yi kuka a gaban jama'a. Na ce ungulu ma tana da kunya, takan jira a daina motsi. Duk wannan na faɗa, amma ban ambaci akwati ba, ina sane, ina zagaye kalmar saboda wadda ke bayana.

Sai muka ji ana buga kwano da sanda daga cikin ɗaki. Haka Mama ke kira in muryarta ta gaza. Na tura ƙyaure. Ta ɗaga kanta a kan gwiwar hannu, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Da yarenmu ta yi magana, ba da Hausa ba, kuma in ta koma yare to babu wasa.

Ta ce a kawo ƙofar ta gani. Direba da magini suka sauke ta, suka tsayar a tsakar gida daidai inda idonta zai kai. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kira yayana, ya shigo ya durƙusa a gaban gado, babban mutum da tumbinsa.

Ta ce, "Wanda za ka saya, mai hannaye ne?"

Ya ce, "Mama..."

"Tambayarka na yi."

Ya sunkuyar da kai ya ce mai hannaye ne.

Ta ce, "To a fasa."

Na ce, "Mama, kin ga fa na toshe. Babu iska yanzu. Taɓa ki ji."

Ta ce ta gani, na iya, Allah ya yi mini albarka. Amma ranar Baba tana zaune a kan gadon nan, ta ji ƙarar da kunnenta, kuma tun ranar ba ta taɓa kallon ƙofar nan ba tare da ta tuna ba. "An karkata mijina kamar buhun masara. Ni ba za a karkata ni ba. Da ƙafata na shigo ɗakin nan a miƙe, a miƙe za a shigo da ni."

Na ce, "Mama, ai kina da rai."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa nake magana."

Ban san lokacin da taɓaryar ta bar hannuna ba. Na juya mata baya na tsuguna kamar kullum, ta rungumi wuyana, na tallafe ta na miƙe. Ba ta fi ƙullin wanki nauyi ba. Na fito da ita ta matsattsiyar ƙofar, ina kare gwiwarta kada ta gogi ɗanyen siminti. Na nufi ɗakina, ta ce a'a, a sa mata kujera a gindin mangwaro, tana so ta gani. Na lulluɓe ta da bargo, na sa mata hula.

Yaya ya sake ɗaukar gawayi ya ja layinsa. Magini ya tofa yawu a hannu. Simintina ko kamawa bai gama yi ba, bugu kaɗan ya zubo a dunƙule, da tsakuwata da ƙusoshina. Suka girgiza katakon Baba su biyu har ya fito, aka jefar da shi a gefen rumbu. Daga nan guduma ta shiga tubali, jar ƙura ta tashi ta sauka a kan gadonta da Littafinta Mai Tsarki da ke kan taga, don babu wanda ya tuna ya kwashe.

Mutane suna ce mini, to ke mene ne naki? Ai ita ta ce a fasa, ashe ɗan ya fi ki sanin zuciyar uwarsa. Haka fasto ma ya ce, da lafazi mai daɗi. Su faɗa. Ni abin da na sani, duk shekarun nan ba a kawo mata komai ta zaɓa ba. Da ya zo da buhu ɗaya tun tana takawa, da ta yi damina da yawa ƙirjinta a bushe, in ya so daga baya ya faɗaɗa ƙofarsa. Abu ɗaya ɗanta ya taɓa kawowa ɗakin nan da gaggawa, shi ne hanyar akwati, ita kuma uwa ce, ta karɓa hannu biyu. Ruwa ya yi ta zuba a makonnin nan, sabon ginin ya ƙi bushewa, ta zauna a ɗakina tana tambaya kullum ko an yi fenti. Ba ta sake kwana a ɗakinta ba. Kafin a haƙa citta ta tafi. Akwatin ya shiga a miƙe, da sarari hagu da dama, baƙi suka yi ta yaba ɗa na gari, ni ina bayan gida ina tuƙa tuwon mutum ɗari.

Wannan duka zan iya ɗauka. Abin da ya tsaya mini a wuya ya ƙi wucewa shi ne yammacin ranar fasawar. Magini ya kai bakin layin gawayi ya tsaya yana share gumi. Mama ta ɗaga sandarta daga cikin bargo, ta nuna bangon, ta ce masa da Hausarta, "Ƙara kaɗan, ɗana. Masu ɗauka ma suna da kafaɗa." Yayana ya fashe da dariya, irin dariyar wanda aka sauke wa kaya, ya zo ya tsuguna kusa da kujerarta, ta ɗora hannu a kansa, su biyu suna kallon ramin yana ƙara faɗi. Ina tsaye a gefe, siminti ya bushe a hannuna ya fara tsattsaga fata. Ta juyo ta gan ni.

Ta ce, "Ke, tsaye kike? Ɗebo wa mai aiki ruwa mana."

Na ɗauki bokiti na nufi rijiya.